Maganin da Maigidana Ya Ce Ba Za a Sha a Gidansa Ba

Ɗana na fari yana aji uku na firamare malamarsu ta fara kirana. A garin Greenbelt muke zaune, can ƙasar waje, a hawa na biyu na wani gidan haya, ni kuwa ina aiki a ɗakin gwajin jini na wani asibiti, inda ba a taɓa waya sai lokacin cin abinci. Saboda haka duk kiran malamar da cokali a hannuna nake amsa shi. Yau ya tashi ana tsakiyar darasi ya tafi feƙe fensirin da tsininsa lafiya lau. Gobe ya amsa tambayar da aka yi wa wani. Jibi ya yi aikin gida tsaf, amma ya baro shi a motar makaranta. Rigar sanyi kuwa na daina saya masa mai kyau, don na san a filin wasa za ta ƙare.

Yaron ba daƙiƙi ba ne, wannan ma shi ya fi ci mini rai. Zai zaunar da kai ya ba ka labarin taurari da yadda jirgin ƙasa ke tafiya a ƙarƙashin ƙasa, amma ka aike shi kicin ya ɗauko gishiri, sai ka same shi a banɗaki yana wasa da famfo. Na yi faɗa, na yi lallashi, na yi addu'a. Daga ƙarshe na kai shi wurin likitar yara.

Ba a rana ɗaya aka gama ba. An duba idonsa, an duba kunnensa, an tambayi malamarsa, an tambaye ni har yadda haihuwarsa ta kasance, sannan aka tura mu wurin wata ƙwararriya a Gaithersburg. Mun fara wannan zirga-zirga ganyen bishiyoyi yana zuba, ba mu gama ba sai da ƙanƙara ta narke. Sai likitar ta zaunar da ni ta ce abin da ke damunsa shi ake kira ADHD. Ta ce ba rashin tarbiyya ba ne, ƙwaƙwalwarsa ce ke shan wuya wajen tsayar da hankali wuri guda. Ta ce akwai magani, ƙwaya ce mai zaburar da ƙwaƙwalwa.

Na ce, “Likita, yaron da ba ya iya zama shi za a ƙara zaburarwa?”

Ta yi murmushi ta ce kusan kowace uwa haka take tambaya. Ta ce abin da ƙwayar ke tasarwa shi ne birkin, don injin dama a tashe yake. Na ga dama ta samu, sai na kawo mata ƙarar autata, wadda a lokacin shekararta huɗu, kuma babu abin da ba ta hawa a gidan sai silin. Likitar ta ce masu irin shekarunta ba a fara musu da magani, iyaye ake fara koya wa dabarun tafiyar da su. Wato ɗaya a ba shi ƙwaya, ɗaya kuma ni za a mayar makaranta saboda ita. Kafin mu fita ta tambaye ni ko akwai mai irin wannan hali a danginmu. Na ce babu, kuma da gaskiyata na faɗa.

Maigidana injiniya ne, zanen gadoji yake yi a wani ofis cikin birni. Da na gaya masa, ko takalmi bai cire ba ya yanke hukunci.

“Ba za a mayar mini da yaro ɗan ƙwaya ba,” in ji shi. “A Kano wa ya taɓa jin wani ADHD? Ƙiriniya ce. Mu da muka taso, malam ya zane ka sau biyu ka nutsu.”

Na ce, “Abbansu, nan in ka zane shi, kai za a zo a ɗauka.”

“To a hana shi zaƙi. A kashe talabijin.”

Yana wannan magana yana laluben aljihu yana neman wayarsa, alhali tana hannunsa na hagu. Shekara da shekaru na saba. Mutumin da ya taɓa sa makullin mota a firji tare da madara, ya sha wuce tasharmu a jirgin ƙasa sau ba adadi, duk da cewa tasharmu ce ta ƙarshe, sai dai jirgin ya juya da shi. Na ɗauka haka masu ilimi da yawa suke.

Ya kai maganar masallaci ranar Juma'a, ya dawo mini da shawarwari buhu guda. Wani ya ce a sa yaron ƙwallo. Wani ya ce zuma da habbatus sauda. Wani ya ce a tura shi gida ya yi shekara biyu a makarantar kwana, zai dawo kamar an canza shi. Abokinsa guda, likita ne ɗan Zariya, ya ce masa a gwada maganin, in bai yi ba a daina. Wannan shawarar ce kaɗai ya manta bai gaya mini ba, sai a bakin matar likitan na ji.

Muka yi watanni a haka. Na kwashe biskit da lemo daga gidan, na ɓoye rimot, na kai shi ƙwallo duk Asabar, inda yake tsayawa a tsakiyar fili yana kallon jirgin sama ana zura musu ƙwallo. Kiran malamar bai ragu ba. Wata rana da yamma muna cin tuwo, yaron ya ajiye hannu ya ce da Turanci, don Hausa yana ji amma ba ya mayarwa, “Umma, kowa a ajinmu ya iya zama. Ni ma ina so. Ina cewa kaina zauna, zauna, sai in ga na riga na tashi.” Ya ce malama ta ware masa tebur shi kaɗai a gefe, yara kuma sun daina zaɓarsa in za a yi aikin rukuni.

Ubansa bai ɗago kai daga kwanon ba. Washegari da safe, yana ɗaura agogo, ya ce mini, “A gwada. Amma in na ga ya canza mini kamanni, a daina.”

Maganin ya yi aiki, ba zan ɓoye ba. Ba wai yaron ya zama waliyyi ba ne, amma ya fara gama abin da ya fara. Ya dawo gida da rigar sanyinsa. Ranar da ya zauna ya karanta littafi har ƙarshe, na leƙa ɗakin na sake leƙawa, don shirun ya ba ni tsoro. Sai dai ƙwayar ta kashe masa cin abinci. Abin da na zuba masa da safe ya tafi da shi makaranta, haka yake dawowa da shi. Sai magariba ta yi, ƙarfin maganin ya sauka, ya far wa tukunya kamar wanda ya yi azumi. Likitar ta rage, ta ƙara, ta canza masa wani iri, duk zuwa sai an ɗora shi a sikeli.

Abin da babu wanda ya gaya mini shi ne samun maganin kansa aiki ne. Yana cikin magungunan da hukuma ke sa wa ido, don haka ba a sabunta shi kai tsaye kamar na hawan jini. Kowane wata sai likita ta aika sabuwar takarda. Ba a ba ka kafin lokaci, ba a ba ka sai ka nuna lasisin tuƙi. Muna cikin haka kuma maganin ya yi ƙaranci. Ka je kantin magani a ce babu, ba a kuma san ranar zuwansa ba. Ka kira wani a ce ba sa faɗa ta waya. Wanda ya yarda ya faɗa ya ce akwai, sai ka koma ka roƙi ofishin likita su tura takardar can, kafin su tura wani ya riga ka. Hutun cin abincina gaba ɗaya ya koma sauraron kiɗan jiran waya. Na san hanyar kantunan magani daga Hyattsville har Gaithersburg, na san cunkoson babban titin Beltway na kowane lokaci.

Wata mai ba da magani, da ta ga na jingina da teburin kantin kamar zan yi kuka, ta ce in yi haƙuri. Ta ce da can yawanci iyayen yara take gani, amma tun bayan korona manya ne ke ta zuwa da tasu takardar, mata da maza, wasu ma da furfura. Na kawo wa maigidana wannan labari.

Ya ce, “Kin ji ko? Ƙarti da gemunsu suna cinye wa yara magani. Lalaci ne kawai. Mutum ya kasa aikinsa sai ya ce cuta ce.”

Da bazara mahaifiyarsa ta zo mana daga Kano. Hajiya mace ce mai ido. Tun a filin jirgi ta kama hannun jikanta ta jujjuya shi.

“Wannan mijin nawa ba a ba shi abinci ne? 'Yar nan, me kuke yi masa?”

Na yi mata bayani iyakar iyawata. Ta saurara, ta ce, “To. Ku kuka yi boko.” Daga ranar ta ɗauki ciyar da shi a matsayin aikinta. Tana bin sa da ƙosai ɗaki ɗaki, tana cewa in bai ci ba za ta sake shi ta auri wani. Shi yana dariya yana gudu, ni kuma ana kallona kamar ni na ƙirƙiro cutar.

Wata Asabar da rana ta ce miyarmu ba ta da ɗanɗano, a kai ta ta zaɓo daddawa da kuka da kanta. Maigidana ya ɗauke ta zuwa kantin kayan abincinmu na Afirka da ke Hyattsville. Ina wanke-wanke na ji ya buɗe ƙofa. Ya shigo da ledoji a hannu biyu, waya maƙale a kafaɗa, yana gardama da wani abokin aikinsa a kan ƙarfen gada. Ya ajiye doya, ya ajiye manja. Na leƙa bayansa ban ga kowa a matakala ba.

Na ce, “Ina Hajiya?”

Ya dube ni. Wayar ta zame daga kafaɗarsa ta faɗi a kan kafet.

Ashe tana can cikin kantin tana duba busasshen kifi aka kira shi a waya. Ya biya, ya kwashi kaya, ya shiga mota, ya kamo hanya har gida, bai ko lura kujerar gefensa babu kowa ba. Hajiya ba ta jin Turanci, wayarta kuma ba ta aiki a nan. Ni na karɓi makullin na tuƙa.

Mun same ta zaune a kan kujerar roba kusa da buhunan shinkafa. Mai kantin, wata 'yar Ghana mai jin Hausa, ta ba ta lemo, suna ta hira a kan yadda ake daka yaji. Maigidana ya durƙusa a gabanta cikin mutane yana ba ta haƙuri. Hajiya ba ta kalle shi ba. Ɗan fari ne, ko sunansa ba ta faɗa, balle ta yi masa faɗa a bainar jama'a. Ni ta kalla.

“'Yar nan, kada ki damu kanki. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Mahaifinsa, Allah ya jiƙansa, ranar da aka sallame ni daga asibiti da jaririya a hannu, ya ce in jira ya nemo mota. Sai la'asar ya dawo, ya tsaya kallon masu gyaran rediyo.”

A mota ta ci gaba, tana baya, tana magana da ni kamar shi ba ya nan. Ta ce duk unguwarsu babu yaron da ya sha bulala kamar wannan. A makarantar allo a dake shi, a boko a dake shi, ya dawo gida babansa ya ƙara masa. Aike kuwa sai dai a bi shi da wani yaron. Ta ce ta kai shi wurin malamai, ya sha rubutu har ya gaji.

Na ce, “Hajiya, ai shi cewa ya yi bulala ce ta nutsar da shi.”

Ta ce, “Wace nutsuwa? Bulala ta koya masa yin shiru dai. Allah ne ya ba shi kai, shi ya sa ya kai inda ya kai.”

Na saci kallonsa. Yana kallon titi ta taga. Sai da muka kusa gida ya ce, ƙasa ƙasa, shi duk zatonsa kowa haka yake fama, kowa sai ya karanta shafi ɗaya sau da yawa kafin ya shiga. Ya ce a ofis yakan zauna bayan kowa ya tashi, don ya gama abin da wasu suka gama tun azahar. Tausayinsa ya kama ni, amma haushin bai sake ni ba. Duka biyun na riƙe har muka hau bene.

Bai yi mako biyu ba ya nemi likita. Abin da ya ƙara ƙular da ni shi ne saurin da abin ya yi. Ni da na yi kaka da hunturu ina jigilar yaro daga wannan ofis zuwa wancan, shi ya zauna a falo da jallabiya, ya yi doguwar hira da wani likita ta bidiyo, aka tura shi a auna jininsa a duba zuciyarsa, shi ke nan. Ya shigo gida da 'yar kwalbarsa yana karanta takardar jikinta.

Na ce, “Sannu da zuwa. Ashe kai ma cikin ƙartin kake.”

Ya ce, “Ai wannan daban ne.”

“Da me ya bambanta?”

Ya yi dariya, ya ce laifi tudu ne, in bar shi haka.

Shi ma maganin ya karɓe shi. A makon farko ya gyara ƙofar kabad da ta yi shekaru a karye, ya haɗa teburin da ya saya tun ina da cikin auta. Sai kuma ya zama mai wa'azi. Mutumin da ya hana ni sakat wata da watanni, shi ne yanzu yake tare mutane a harabar masallaci yana yi musu bayanin yadda ƙwaƙwalwa take aiki. Wanda ya ba shi shawarar makarantar kwana, sai da ya riƙe shi har abincin sadaka ya ƙare. Matan suka fara kirana suna cewa, “Maigidanki ya ce ke kika san kan abin, wane likita za mu gani?” Wata ɗanta take nema wa, wata kuma, bayan ta yi ta kewaye-kewaye, ta ce mijinta ne.

Ni kuwa aikina ya ninka. Takarda biyu, likita biyu, ƙwaya iri biyu, kuma ba rana ɗaya suke ƙarewa ba. Kantin da ke da na uban ba shi da na ɗan. Wata rana na uban ya samu na ɗan ya yanke, yaron ya yi kwanaki yana zuwa makaranta haka nan, malama ta dawo da kiranta. Maigidana ya ce ko a ɓallo masa rabin tasa. Na ce ko kusa, ba iri ɗaya ba ne, kuma ba haka ake yi ba. Ranar na ajiye masa wayata a gabansa na ce daga yau kowa ya nemi nasa, na yaro nawa ne, nasa nasa ne. Ya karɓa da fara'a. Wata na farko ya yi. Wata na biyu ya tuna ranar da kwalbar ta zama fanko, kuma da ya rasa maganin sai ya rasa nutsuwar da zai zauna ya nemi maganin. Haka na sake ɗaukar wayar.

Hajiya tana gefe tana kallon duk wannan. Ranar da na kai ta a duba hawan jininta, ta taɓo ni ta ce in gaya wa likita ita ma a rubuta mata irin ta yaran nan, don takan ajiye carbi ta manta inda ta sa. Na fassara. Likitan ya yi mata tambayoyi, ya ce mantuwarta irin ta shekaru ce, ba wannan ba ce, kuma mai shekarunta da hawan jini ba a yi masa gaggawar irin wannan ƙwaya, don tana iya tayar da bugun zuciya. Na fassara mata wannan ma.

Ta gyara mayafi ta ce, “To. Ƙaramar an ce ta yi ƙanƙanta, ni an ce na tsufa. Ƙasar nan komai sai an auna mutum.”

Da lokacin komawarta ya yi, ina shirya mata akwati, ta rufe ƙofar ɗakin ta zauna kusa da ni. Ta ce ɗan ƙanwar maigidana da ke Kano, shi ma haka yake, an kore shi daga makaranta har sau biyu. In ɗan ƙulla mata kaɗan daga na mijinta ƙarami ta kai masa.

Na ce, “Hajiya, ki yi haƙuri, ba zai yiwu ba. In aka gan shi a jakarki ba da sunanki ba, matsala ce babba. Kuma sai likita ya ga yaron tukuna, wataƙila ma ba abin ba ne.”

“Ni da jikana sai an yi mana shari'a?”

Na ce mu nemi likitan ƙwaƙwalwar yara a can, zan yi magana da uwar yaron da kaina. Hajiya ba ta ji daɗi ba. Ta hau ninke zannuwanta, har na ɗauka fushin zai kai mu filin jirgi. Can ta ce, to, in ba zan bayar ba, in ƙaro mata man zafin nan na gwiwa, babbar kwalba, da safar sanyi ta maƙwabciyarta. Na ɗauki makulli na fita nemo su.